Yatsa Biyu a Gurbi Ɗaya

Mama Kauna ta shekara talatin tana sayar da dankali a kasuwar Goroka. Ita ce Papa Tine ya aura a coci, da takarda. Wari kuwa, matarsa ta biyu, auren gargajiya aka yi mata da sadakin aladu goma, shida a cikinsu Kauna ce ta yi kiwonsu, don gonar ta fi ƙarfin mace ɗaya. Tun daga nan tare suke noma, tare suke yi wa tsohon tsiya.

Ranar da ya yanke jiki ya faɗi, suka kai shi asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta miƙo takardar izinin tiyata, ta ce gurbi ɗaya ne: matar coci ce za ta dangwala yatsa, ita kaɗai kuma za ta zauna jinya.

Kauna ta dubi Wari.

"Ƙanwata, kawo hannun nan."

"Yaya, ba ki ji abin da ta ce ba?"

"Na ji mana. Kunnena bai tsufa kamar na mijinki ba."

Ta dangwala nata, ta kama babban yatsan Wari ta danna a kai har tawadar ta cakuɗe.

Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, yanzu ai ba a gane na wace ce!"

"'Yata, shi ma da ke kwance bai taɓa rabewa ba."

Ma'aikaciyar ta jima tana duban takardar, sannan ta je ta ɗauko kujera ta biyu.