Turken Wule

A karar shanu ta kasuwar Gangara an daɗe ana ganin wani tsoho da ba a taɓa ganin haƙarƙarinsa a ƙasa ba. Dikko sunansa. Ba dillali ba ne, ba mahauci ba ne, ko akuya ba ya da ita. Aikinsa ya riƙe dabba kafin a gama ciniki, ya kora ta inda aka ce, a ba shi na goro. In rana ta take, kowa ya nemi inuwa ya miƙe, shi sai ya jingina da katanga, ya kafa sanda a hammata, ya ɗora ƙafa ɗaya bisa gwiwa, ya yi gyangyaɗinsa a tsaye kamar zalɓe. Masu kwana kusa da shi sun ce ko da dare a zaune yake barci. Dillalai kan tsokane shi, wai Bafillace har barci rowarsa yake yi. Shi dai sai murmushi. Su kuwa, da yake bakinsu ya fi hankalinsu sauri, babu wanda ya taɓa zama ya tambaye shi dalili.

Dalilin dannau ne, da wata saniya.

Tun yana saurayi dannau ke hawansa, kuma ba ya zuwa sai ranar da ya gaji liƙis. Zai farka, ido buɗe, yana ganin rufin bukka, yana jin kukan maruƙa, amma ko ɗan yatsa ba ya iya ɗagawa. Wani nauyi ya zauna masa a ƙirji kamar an aza masa buhun gero. Ya yi kira da iyakar ƙarfinsa, abin da ke fitowa ɗan gurnani ne kawai. Malam ya ba shi rubutu ya sha, wata tsohuwa ta ce ya riƙa sa wuƙa ƙarƙashin kansa, wani ma'aikacin asibiti a Gazawa ya ce masa gajiya ce, ya rage wahala. Dikko ya yi dariyar wannan magana har hawaye, don makiyayi bai san inda ake rage wahala ba. Wuƙar dai ya riƙe ta, amma maganin gaskiya matarsa Kadi ce. Ta san gurnanin nan ko tana bakin murhu. Sai ta zo ta kama babban yatsan ƙafarsa ta girgiza, nan take abin ya sake shi. Taɓawa ɗaya ta ishe shi.

Farin farko, na shekarun saba'in, ya cinye garken ubansa ƙaf. Dikko ya koma kiwon shanun 'yan kasuwar Gazawa, yana bin abin da ba nasa ba, yana tatsar abin da za a tambaye shi lissafinsa. A haka taubashinsa Hayatu, ɗan kawunsa da ke zaune wajen Sae Sabuwa, ya same shi wata kaka, ya ɗaura masa habbanaye.

Habbanaye a wurin Fulani aron karsana ne. Ka riƙe ta, ka sha nononta, ta haifa maka uku, 'ya'yan su zama naka, uwar ta koma gidan mai ita. In ta mutu babu biya, babu ƙara wurin kowa. Amma wanda aka ɗaura wa ya gwammace nasa su ƙare duka da a ce ita ta faɗi a hannunsa.

Karsanar ja ce, da fari a goshi, shi ya sa ake ce mata Wule. Hayatu ya miƙa masa igiyar yana cewa, "Amshi, malalaci. Nonon kakar wagga ubana da uwarka suka sha. Na ji an ce sai an ja maka ƙafa kake tashi, to ga wadda za ta riƙa tashe ka."

Dikko ya ce, "Kai da ba ka iya tatsa ba sai ka zubar da rabi, ai gara ta zo inda za a san darajarta."

Suka yi ta yi wa juna haka har aka kira la'asar. Da Hayatu ya juya ya tafi, Dikko ya zagaya bayan bukka ya yi kuka.

Maganar Hayatu kuwa sai da ta tabbata. Wata rana a daji, Dikko ya kishingiɗa gindin aduwa bayan shayarwa, dannau ya hau shi, ga Kadi nesa. Yana cikin gurnanin sai ya ji harshe mai kaushi a goshinsa. Wule ce ta zo lasar gishirin zufa, kuma lasar ta sake shi. Tun daga ranar in zai kwanta a daji, kusa da ita yake kwanciya. Ta haifa masa maraƙi, ta sake haifa masa mace. Tana ɗauke da cikin na uku, wanda daga shi sai komawa gida, damina ta tamanin da huɗu ta ƙi.

Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ciyawa ba ta ko rufe ƙasa ba. Makiyaya suka kwashi abin da ke iya tafiya suka yi kudu, Dikko ya duba Wule, ga ciki ga rama, ya ga ba za ta kai ba, ya zauna. Da abinci ya ƙare, ya ce wa Kadi ta ɗauki yara su tafi Gazawa, ta yi daka a gidajen mutane su samu na bakinsu. Ta ɗaure ƙwaryarta, ta goya ƙaramin, ta kai bakin hanya, sai ta tsaya ba ta waiwayo ba.

Ta ce, "To, in ya hau ka, wa za ya taɓa ka?"

Ya ce, "Wule na nan."

Ya sayar da maraƙin ya sayi dusa. Da dusar ta ƙare, ya kai macen wurin mahautan da ke sayen shanu masu rama suna yin banda, ya karɓi abin da suka ga dama, ya sake sayen dusa. Haka nasa suka ƙare a cikin uwarsu. Cikin bazara wani mai jaki ya kawo masa labari cewa garken Hayatu ya zube a hanyar kudu, ya dawo gida da sanda kawai. Hayatu ya kuma aiko da saƙo: "Ka ce wa malalaci kada ya yi garaje. Ta haihu tukun, ina nan." Dikko ya gane abin da saƙon bai faɗa ba. Daga shanun kakansu, a duniya Wule kaɗai ta rage.

Daga nan barci ya zama abin da yake sata. Rijiyar da ke kusa ta koma tsiyaya, sai mutum ya kwana a layi kafin ya samu rabin guga. Da safe ya hau gawo ya sassaro ganye, ya tsinci 'ya'yan da suka faɗo kafin masu awaki su riga shi. Ga kuma aikin tayarwa. Saniya mai rama in ta kwanta ba ta iya tashi ita kaɗai. Takan yunƙura da ƙafafun baya, to a daidai lokacin ake kama gindin wutsiya a ɗaga da ƙarfi. In ta yunƙura ba ta samu mataimaki ba, ta sake, ta sake, sai zuciyarta ta karye, ta mirgina gefe, ciki ya kumbura. Wule ta koyi kiransa kafin ta yunƙura, wani ɗan kuka gajere, shi kuma ko ina yake zai yar da abin hannunsa ya sheƙo.

Idonsa ya fara yi masa ƙarya da rana tsaka. Yana dawowa daga rijiya sai ya ga shanun ubansa a gabansa, waɗanda ya ga gawarsu da idonsa shekaru goma baya, suna tafe a jere, har ya kira su da sunayensu. Suri ya zame masa Kadi tana daka. Wani lokaci ya ji ƙarar nono yana zuba cikin ƙwarya, ya juya, babu komai sai iska. Bai ji tsoro ba. A gaskiya ma daɗi yake ji, don ya daɗe bai ga wani nasa ba.

Ranar da abin ya faru, hadari ya fara leƙowa daga gabas, zafi kamar a tafasa mutum. Ya ba Wule ruwa, ya zuba mata 'ya'yan gawo, ta ɗan taɓa ta kwanta a inuwa. Ya ce bari ya kishingiɗa kaɗan kafin azahar. Ya sa wuƙarsa ƙarƙashin kai kamar kullum, tsakaninsa da Wule bai fi tsawon sanda biyu ba.

Kukanta ne ya buɗe masa ido. Ya ce zai tashi, jiki ya ce bai san zancen ba. Nauyin nan ya zauna masa a ƙirji, ya fi na kowace rana. Yana kallo ta yunƙura, ƙafafun baya suka yi rawa, ta koma. Ta juyo da farin goshinta wajensa ta sake kira. Ya yi ihu a cikinsa, ya kira Allah, ya kira Kadi, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa a yatsa guda, yatsan bai motsa ba. Ta sake yunƙurawa. Daga baya ya ga ta mirgina, ƙafafu sun miƙe, ciki yana tasowa. Ya san saura abu ɗaya, a yanka ta kafin rai ya fita, kada ta tafi mushe. Wuƙar kuwa yana jin tudunta a ƙeyarsa.

Sai ga Hayatu. Ya fito daga bayan gawon da rawaninsa na kullum, yana dariya, yana cewa, "Ban faɗa ba? Malalaci!" Ya durƙusa, ya juya kanta alƙibla, ya yi bisimilla, ya yanka. Dikko ya ga jinin, ya ji sanyi a ransa, ya ce alhamdu lillahi, mai ita ya zo.

Ɗigon ruwan sama ne ya faɗo masa a fuska ya sake shi. Ya zabura da wuƙa a hannu. Babu Hayatu, babu jini, babu sawun kowa a rairayi sai nasa. Wuyan Wule lafiya lau, idonta a buɗe, ƙuda sun fara sauka. Ya dafa cikin, ɗan da ke ciki ma ya daina motsi. Ruwan da aka shekara ana roƙo ya sauko a kansu su biyu, yana zaune riƙe da wutsiyarta.

Bai aika kowa ba. Irin wannan labari mutum da ƙafarsa yake kai shi. Ya kwance igiyar wuyanta ya naɗe, ya biya Gazawa ya faɗa wa Kadi, ya kama hanyar yamma. Ko'ina ƙasa ta fara tsatso kore, ga ƙasusuwan shanu a gefen hanya.

Ya iske Hayatu a wata 'yar bukka a bayan gari, ya rame har rawanin ya yi masa yawa. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka tambayi gajiya. Babu wanda ya ce wa wani malalaci. Hayatu ya dubi igiyar da ke hannun Dikko, ya kawar da kai.

Can ya ce, "Ka samu yankawa?"

Dikko zai iya cewa i, babu mai ƙaryata shi. Ya ce, "A'a. Ina kwance kusa da ita, ina kallo. Ta kira ni."

Hayatu ya ce, "Kwananta ne ya ƙare. Ai ba ka da laifi, Dikko."

Ya miƙe wai zai kawo ruwa, sai ya tsaya a wani wuri a tsakar gidan, ya baza rigarsa, yana ta magana a kan damina. Amma Dikko ya riga ya gani tun shigowarsa. A bayan Hayatu akwai sabon turke da aka kafa, an share kewayensa tas, da sabuwar igiya ta kaba a ɗaure, da wani ƙaramin turke kusa da shi na ɗan maraƙi. A saman rumfa kuma ga tarin 'ya'yan gawo, wanda mutum ba ya tara irinsa sai ya yi watanni yana tsinta.

Hayatu ya jawo tabarma da ƙafa, ya shimfiɗa ta ta yadda baƙonsa zai ba turken baya.

Ya ce, "Ka sha hanya. Kwanta ka huta."

Dikko ya dubi tabarmar. Ya ce ya gode, nan ma ya isa. Ya jingina da gimshiƙin rumfar, ya kafa sandarsa a hammata.