Gudun Maigida a Bakin Dam

Shekarar da kuɗin mai suka fara zubowa kamar an fasa randa, maigidana ya samu ƙarin girma a ofis, ya sayi mota, ita kuma motar ta haifa masa tumbi. Mutumin da na aura yana taka keke daga Tudun Wada har wurin aiki, sai ga shi ko masallacin bakin layi zai je sai ya laluba makulli. Ni dai nawa ƙara man shanu a miya.

Ana haka ofis suka zaɓe shi zai tafi kwas Ingila. Kafin magariba duk layinmu sun ji, har tela ya zo ya auna shi kwat. Abu ɗaya ya rage, takardar likita. Likitan ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya dubi tumbin, ya ce jini ya hau, shi ba zai sa hannu ba. Ya ba shi mako shida ya riƙa gudu kullum da safe. In jinin bai sauka ba, a ba wani gurbin.

Na ce, "Gudu kuma, Malam? Wa zai biyo ka?"

Ya ce, "Ke ba za ki gane ba. Motsa jiki ne. Turawa duk haka suke yi."

Ya sayo gajeren wando da kambas fari tas da ɗan tawul na ratayawa a wuya. A unguwa dai ba zai yiwu ba, magidanci da gemunsa ya keto layi a guje, ai sai mata su kwashe yara su kulle ƙofa. Sai wani abokin aikinsa ya ba shi labarin hanyar bakin dam, inda Turawa masu koyarwa ke nasu gudun. Saboda haka kullum bayan asuba sai ya shiga mota, ta kai shi inda zai yi tafiyar ƙafa.

Mako biyu yana zuwa, abin da na lura shi ne ba ya dawowa da gumi, da kaya yake dawowa. Yau latas da tumatir, gobe rake, jibi kifi a tsire da igiya. Karin safe kuwa sai ya ce a ajiye, ya riga ya taɓa. Rannan ya ce in raka shi in riƙe masa agogo, na lulluɓa mayafi na bi, don ni ma ina so in ga wannan gudun da ke tsiro da latas.

Hanyar 'yar siririya ce, ruwa a gefe ɗaya, lambuna a ɗaya gefen, kuma ta kowa ce. Shanu na gangarowa shan ruwa, masu wanki na shanya a kan ciyawa, masu keke na fitowa da kwandunan kayan miya, mata na wucewa da ƙoren nono. Wani Bature ya zo ya wuce ja wur, ba wanda ya ɗaga kai, sun riga sun yanke masa hukuncin taɓin hankali tun tuni. Maigida ya karkaɗe ƙafafu, ya ce in duba agogo, ya zabura.

Bai yi taku talatin ba na ji an ce, "A'a! Ɗan Malam ne? Barka da asuba!"

Wani dattijo mai lambu ne, wanda ya yi karatu a zauren surukina. Maigida ya ja birki, ya durƙusa da gajeren wandonsa, yana jan tawul yana rufe gwiwa.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya Malam? Ya ƙafar tasa? Ya iyali? Ya aikin gwamnati? To wai har yau ba ka cim ma abin da kake bi ɗin ba?"

Da ya miƙe, maƙwabcin lambun na jiransa, shi ma sai an yi tasa gaisuwar daga farko. Na gaba yana da ɗa da ya gama firamare yana neman aikin masinja. Wani mai keke ya tsaya ya ce in sauri yake ya hau ya rage masa hanya. Can ƙarshe mai fura ta riga ta dama, ta sa ludayi, wai ta ga yana shan wahala. Ya tsuguna ya shanye. Da ya dawo mota da damin alayyafo ya ce, "Minti nawa?"

Na ce, "Na gudun ko na furar?"

Ya tada mota muka nufi gida.

A mako na uku ya hau sikelin ofis ya ga ya ƙaru. Hankalinsa ya tashi, ya kai kuka wurin abokin nan nasa, shi kuma ya ce ai mai gudu ba ya tsayawa, hannu kawai ake ɗagawa a wuce. Washegari ya gwada. Dattijon nan ya taso da fara'arsa, "Ɗan Malam!" Maigida ya ɗaga masa hannu ya wuce fuu. Ga tawul a hannun dama, don haka na hagun ya ɗaga.

Kafin azahar labari ya isa cikin birni, kafin la'asar an aiko kiranmu. Ina daga cikin gida wurin surukata, amma zauren ba shi da rufin asiri.

Surukina Baba Malam ya ce, "An ce kana yawo tsirara a bakin ruwa."

"Baba, likita ne ya ce..."

"Likitan ne ya ce ka miƙa wa sa'an ubanka hagu? Me yake so, likitan?"

"Gumi yake so in yi."

"To, gumi ba ya wuya. Kawo makullin."

Makullin motar ya shiga aljihun Baba Malam. Ya lissafo masa dangin da bai taka gidajensu ba tun da ya fara tuƙi, daga Tudun Jukun har Kwangila, ya ce kowa a je masa a ƙafa, da babbar riga kamar mutum, ofis ma haka. Farko kuma a koma lambu a ba da haƙuri.

Mako uku yana fita da safe yana dawowa kamar an tsamo shi daga rijiya. Gwaggonninsa duk suna fushi da shi, ba wadda ta ba shi abin da ya wuce ruwa da faɗa. Ni ma aka aiko mini in ɓoye kwalbar man shanu. Wandunansa suka fara neman mazagi.

Ranar komawa asibiti ban iya ko ɗora tukunya ba sai da na ji sallamarsa. Ya shigo yana kaɗa takarda, an sa hannu, an buga hatimi. Wai likita har ya kira ma'aikatansa su zo su ga amfanin gudu, ya tambaye shi mil nawa yake yi a bakin dam.

Na ce, "Ka ce masa nawa?"

Ya ce, "Huɗu."

Na ce, "Allah Ya kai ka Ingila lafiya, Malam. Can ba wanda ya san Baba."