Shari'ar Ƙanwata a Jidda

Ko zakara bai gama gyaran murya ba muka bar gida, ni da Baba, sai filin jirgin Kano. Umara ce ta fitar da mu, amma Baba ya ƙunso wata shari'a tare da haraminsa. Ƙanwata shekararta tara, har yau a kife take riƙe littafi. A bayan kasuwar garinmu akwai ƙaramin cocin Metodis da ke koya wa yara karatu kyauta duk Asabar. Mama ta ce a kai ta, Baba ya ce ƙafarta ba za ta taka can ba. A gidanmu kuwa idan magana ta gagara, babba ake kai wa, babbanmu kuma baffan Baba ne da muke kira Kaka, wanda ke zaune a Jidda tun Baba na goye.

Da muka kammala Umara muka gangaro Jidda. Zafinta ba irin namu ba ne, turara mutum yake kamar dambu. Titi sumul, na yi ta neman rami ɗaya mu gaisa, ban samu ba. A tasi na soma gulmar tuƙin direba da Hausa, ya waiwayo ya ce, "Halas, ya isa, na ji ka." Ko tari ban ƙara ba har Balad.

Balad tsohuwar unguwa ce, benayen dutsen teku, tagogin katako sun leƙo kan lungu kamar masu jiran gulma. Ko'ina ƙamshin turare da gahawa, ga kyanwoyi suna taƙama kamar su ma suna da iƙama, takardar izinin zama.

Muka tarar da Kaka a kan darduma, farin gemu har ƙirji, carbi a hannu. Aka kawo ful, wato dafaffen wake, da tamis, burodi mai faɗin faifai, na ci har Baba ya taka mini ƙafa. Abin da ya fara girgiza ni shi ne jin an ce wa Baba, "Kai yaron nan, gyara zama." Kuma ya gyara.

Baba ya karanto ƙara. Na dubi gemun nan, na fara yi wa ƙanwata ta'aziyya a zuci.

Kaka ya ce, "Har yanzu ƙarfen tayar motar nan suke bugawa?"

"Wane ƙarfe, Baffa?"

"Na jikin tsamiya. Ai shi ne ƙararrawarmu."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Ashe wannan tsohon, da ake tsorata mu da sunansa idan mun makara sallah, a cocin ya koyi boko. Ya ce ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa shi da zana, aka koma jar ƙasa, daga baya kwano. Wata malama ke zaunar da su a gindin tsamiya, suna rubutu da yatsa a rairayi. Da an kira la'asar sai ta kora 'ya'yan Musulmi masallaci, wanda ya laɓe kuma ya sha tsumagiya. Ya ce shi ya fi kowa sha. Da karatun nan ya yi shekaru yana karanta takardun alhazan da suka ɓace a hanya.

Bakin Baba a buɗe, har na ji tsoron ƙuda.

Kaka ya ce, "A kai mini amaryata ta koya. Kai kuma ka kai ta da ƙafarka. Yalla, a zubo shayi."

A jirgin dawowa Baba ya haɗe rai, ni kuma na kama bakina saboda ina son rayuwata. Asabar ta farko ya sa babbar riga, ya kama hannun ƙanwata, na bi su a baya. Ƙarfen na nan a tsamiya, ya yi tsatsa. Baba ya daɗe yana kallonsa.

Na tsallaka teku na koyi cewa tarihin bayan kasuwarmu ma ban sani ba. Ƙanwata kuwa yanzu ta fara karanta saƙonnin wayata, ta kai wa Mama rahoto. Wannan shari'ar ni ta kayar.