Motar Baba da katangar gidanmu

Ranar da injin ya tashi, ina zaune a ciki hannuna duk baƙin mai, sai Inna ta leƙo daga madafi ta tambaye ni ta ina zan fita da ita. Wallahi sai lokacin na kalli zauren gidanmu.

Ni mai gyaran waya ne a birni, gidanmu kuma yana wani ƙauye wajen Shanono. Motar ta marigayi Baba ce, tsohuwa mai ƙofa biyu, irin ta tsere. Ya shigo da ita tsakar gida da niyyar gyarawa, ya kwance injin, rai ya yi halinsa. Daga baya aka zagaye gidan da katangar ƙasa, aka yi zaure, kaji suka mayar da motar wurin ƙwai.

Da rayuwa ta yi tsada, taki ya gagari mutane, Baffa ya ce zai kira 'yan gwangwan su yanka ta gunduwa-gunduwa. Na ce ban yarda ba. Ya ce wai fetur ma ya fi ƙarfin masu albashi, ni zan tayar da gawa. Duk Asabar nake zuwa da abin da na tsinto a kasuwar kayan gyara, ina kallon bidiyo a waya ina ɗaurawa. Abokaina har suna kirana direban kaji.

To ta tashi, ba hanya. Na roƙi Baffa a fasa katangar baya, ya ce ba a buɗe gidan mata saboda ƙarfe, kuma geron maƙwabcinmu har gindin katangar ya zo. Ya ce masu yankan suna tafe ranar kasuwa, ba zai jira kaka ba.

Ranar, yana fita na ɗauki diga. Na fasa katangar, na bi da motar ta kan geron bawan Allah har bakin hanya. Damina ce. Ruwa ya sauko da yamma, ragowar katangar ta jiƙe ta zube, ta tafi da rumbun Inna. Na tarar da ita tana tsince dawa a cikin caɓi.

Na kwaɓa ƙasa da ƙafata na mayar da katanga, na yi wa maƙwabcin noma har aka yi girbi. Baffa har yau da kai yake amsa gaisuwata.

Dawar Inna da geron mutum, na yi nadamarsu, kuma duk mai shirin irin aikina ya fara duba hanyar fita da wanda zai taka. Amma motar kam ban yi nadama ba, kuma ba zan ce na yi don a yafe min ba. Ku da abin da mahaifinku ya bari bai ƙarasa ba, za ku tsaya ku ga an ɗora shi a sikeli?