Kumbon Kawu Tanko Ba Ya Tafiya da Damina

"To, me suke ci?"

Wallahi duk wanda ya taɓa zaman kallo da Kawu Tanko ya san wannan tambayar! Ana tsaka da fim, kumbo na keta taurari, kowa ya buɗe baki, sai ka ji ya zungure ka da sandarsa: "Nasiru, mutanen nan tun ɗazu suke tafiya. Me suke ci? Ina gonarsu?" Yau kwanansa bakwai da rasuwa, kuma tun da aka yi addu'a da safe nake jin in ban rubuta wannan a zauren garinmu na intanet ba, cikina zai fashe. Yayan mahaifiyata ne, shi ya koya min son finafinan 'yan sama jannati tun ban san ana kiransu da wani suna ba.

Yara na yanzu ba ku san asalin abin ba. Da ƙuruciyarsa Kawu cin rani yake zuwa Kano, yana sana'ar ga-ruwa a Fagge. Akwai wani tela da yake kai wa ruwa, mai talabijin a shago, kuma duk ranar Alhamis bayan la'asar ana nuna wani shiri na mutanen da kumbonsu ya ɓata a sama, suna neman hanyar gida. Kawu ba ya jin Turanci ko na sisi, amma ya ba kowa suna. Shugaban jirgin shi ne Mai Gari. Likitarsu ita ce Ungozoma. Akwai butum-butumi mai kama da durom, wannan Gwangwani yake ce masa.

To amma ɗan cin rani ai ba shi da iko da kansa. Ruwan farko na sauka, sai shuka. Ya ajiye garwa ya hau mota ya dawo gida, ba zai sake ganin shirin ba sai an gama girbi. Rani uku yana haka. Da muka girma muka tambaye shi abin da ya faru a tsakanin, sai ya kalle mu kamar mun yi wauta.

"Me zai faru? Da damina ba sa tafiya. Tsayawa suke su yi noma."

"Kawu, a sama?"

"To da me kake zaton suke ci?"

Ka ji fa! Kuma ya ba mu labarin daminar tsaf, har yadda Gwangwani ya yi tsatsa saboda ruwa ya dake shi wajen noman fari. Sai da na kai aji uku a sakandare na gane a kansa ya haɗa.

Kun tuna talabijin ɗinsa, baƙi da fari, wadda yake haɗa wa batirin mota, da eriyar da ya yi da gargaren keke ya ɗaure a kan darbejiya? Ɗansa Sani ya aiko masa da sabuwa fil mai kala daga Kano. Kawu ya duba ta gaba da baya, ya sa aka mayar da ita cikin kwalinta, Inna Talatu matarsa ta riƙa ɗora ƙwaryar fura a kai.

Na ce, "Haba Kawu, mai kala ce fa!"

Ya ce, "Sama baƙa ce, taurari farare. Kalar me zan kalla?"

Da na fara sana'ar tura finafinai a waya a kasuwar Makoda, na koyi ɗan Turancina ta hanyar karanta rubutun da ke ƙasan fim, sai na ce yau zan burge Kawu. Na kawo masa sabon shiri, irin na zamani, wanda in kumbo ya fashe sai ka kauce da kanka. Muka zauna gindin darbejiya bayan la'asar. Baƙin wata duniya suka sauko, ƙofa na buɗewa suka hau harbi.

Kawu ya ce, "Tsaya. Mayar da shi baya."

Na mayar.

"Ba su yi sallama ba?"

"Kawu, yaƙi suka zo."

"Ko yaƙi ne! A namu na da, in Mai Gari ya sauka a wata duniya, sai ya nemi dagacin wurin tukuna. A gaisa, a tambayi gajiya. In faɗa ya kama, to ya kama. Waɗannan wa ya yi musu tarbiyya?"

Na ce amma ai dubi hoton, kamar gaske. Na kuma tsokane shi, na ce naku na da har zaren da aka rataye kumbon ana gani, Gwangwani kuwa mutum ne aka zura cikin durom. Ya murza goro a hannu, sannan ya ce, "Na ga zaren, Nasiru. Kowa a shagon telan nan ya ga zaren. Amma mun yarda suna sama. Naka ban ga zare ba, ban kuma yarda da su ba."

A lokacin dariya na yi. Daga baya na riƙa lura. Kusan duk sabon shirin da na tura wa mutane, duniya ta riga ta ƙone, mutane na ɓuya a rami, amini na cin amanar amini. Na faɗa masa haka wata rana muna ɓarar gyaɗa. Ya ce, "Masu yin na da suna ɗokin gobe. Naku tsoronta suke." Sai kuma ya ɓata maganar da kansa, don an nuno wata jar duniya babu ko tsiro, ya matso da fuska kusa da waya ya ce, "Kai, wannan ƙasar da ɗan taki gyaɗa za ta yi!"

Wani abin da ya ƙi yarda da shi shi ne kallon kashi goma na shiri a zama ɗaya. Ɗaya tak, ranar Alhamis. In na ce na gaba yana nan cikin wayar, sai ya ce, "Bar shi ya kwana. Mu mako guda muke muna gardama a bakin famfo kan abin da zai faru. Ku kun haɗiye ba ku tauna ba."

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. A raninsa na uku telan ya ce masa Alhamis mai zuwa za a nuna na ƙarshe. Ranar Talata aka yi ruwa. Mahaifinsu ya aiko: a taho shuka. Kawu ya taho, ya bar Mai Gari da mutanensa a sama. Shekara talatin da ɗoriya, in aka yi hadarin farko sai ya ɗaga kai ya ce, "Ko sun isa gida, oho."

Ni kuwa na ɗaura niyyar sai na nemo masa. Ban san sunan shirin ba, shi ma bai sani ba. Wata da watanni ina bincike da kwatancen durom da rigar Ungozoma, har Allah ya sa na dace a bana, daidai lokacin da ciwo ya kwantar da shi. Na kalli na ƙarshen ni kaɗai a shago. Jama'a, ba su isa ba! Ashe dakatar da shirin aka yi. Kumbon na nan yana tafiya, rubutu ya hau, shi ke nan.

Kwana biyu ina juya abin. Na ce ko in ce masa sun isa, an tarbe su da kiɗa? Ai shi ma ya yi mana noman damina a sama. Ranar Alhamis na je da hantsi, yana kwance a zaure, Inna Talatu na yi masa fifita. Na ce, "Kawu, na samo na ƙarshen."

Na miƙa wayar, ya ture ta. "Idona ba ya gani sosai. Kai ka gani?"

"Na gani."

"Sun isa?"

Na buɗe baki da ƙaryar a shirye, sai ta ƙi fita. Na ce, "Ba su isa ba, Kawu. Suna hanya."

"Duka? Har Gwangwani?"

"Duka. Ba wanda ya mutu."

Ya lumshe ido, na zaci ransa ne ya ɓaci. Can sai na ga kafaɗarsa na rawa, ashe dariya yake. "Talatu, kin ji? Ashe ban rasa komai ba. Na yi shukata, su ma ba su isa ba." Ya numfasa, ya kamo hannuna. "Kuma ka lura, Nasiru, me suke ci?"

Na ce wallahi har ƙarshe ba a nuna ba.

Ya ce, "Ai na faɗa muku. Noma suke."

Bayan kwana huɗu ya cika. Talabijin ɗin na nan wurina, eriyar ma ban sauke ta daga darbejiya ba. Waɗanda suka yi cin rani tare da shi, da duk wanda Kawu ya taɓa zungura da sandar nan, don Allah ku rubuto naku a ƙasa, 'ya'yansa na karantawa.

Allah ya jiƙan Kawu Tanko, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Ya Allah, shi kam ka isar da shi gida lafiya, a tarbe shi da sallama. Amin.