Sandar Taransifoma

Wawan wannan labari ni ne, gara in faɗa da bakina kafin taubashina ya riga ni.

Shekarar da aka kawo wuta garinmu, can gefen Gumel, ma'aikatan suka dasa taransifoma a bakin kasuwa, suka bar wata doguwar sanda ta mayar da fis idan ya faɗo. Ni da na leƙa firamare, har ina karanta rubutun jikin mota, ina tsaye aka tsallake ni aka damƙa wa taubashina, ɗan kawuna, wai don ya fi tsawo.

Duk wanda ya san taransifoma ya san halinta. Wani lokaci a haɗa ta karɓa shiru. Wani lokaci ta yi gurnani kamar sa, fis ya sake tsinkewa. A hannun taubashina kuwa shiru take karɓa. Sai ya naɗe hannun riga, ya dubi sama, ya tura. Mata suka fara cewa hannunsa da albarka, mahauta suna ba shi tsire. Ni ina gefe ina harararsa.

Da injiniya ya zo dubawa na tare shi. Ya ce wutar hawa take tana sauka, da saurin da ido ba ya kamawa. In ka haɗa a kan gaɓa, lafiya. In ka kuskure, ƙarfen cikin ya zuƙi wuta da yawa gaba ɗaya, shi ne gurnanin. Hannun ɗan Adam ba ya iya zaɓen gaɓar, dace ne kawai.

Na ɗauki wannan ilimi na bi majalisa-majalisa da shi.

"Dogo," na ce wa taubashin nawa, "albarkar taka ashe caca ce."

"To gajere, in ka kai sandar ka buga."

Wata Alhamis ya tafi cin kasuwar Maigatari, fis ya faɗo. Mata sun jera kwanukan gero a wurin injin niƙa. Na ɗauko sandar, na hau turmi, na naɗe hannun riga, har saman na duba. Na tura. Taransifoma ta yi wani ruri da ya watsa awaki, fis ya tarwatse, kuma babu wani a ajiye.

Na sauko na fara yi wa jama'a bayanin hawa da sauka. Gwaggona ta ɗora kwanonta a ka.

"Mun yarda sa'a ce, malam. Shi ya sa muke jiran mai ita."