Ni Ke Ɗebo wa Yaya Ragna Idanun Saƙa

Ranar da Yaya Ragna ta ce ta daina saƙa, iskar yamma ce ke kaɗawa a garinmu Thyborøn da ke bakin teku, irin wadda ke watso yashi da gishiri a jikin taga. Babu jirgin da ya fita kamun kifi. Ni ma na rufe rumfar da nake gyaran taru, na bi ta gidanta in sha kofi.

Ragna yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta raine ni. Tun tana budurwa take saƙa wa masunta rigunan sanyi na ulu, masu kaurin da ruwa ba ya saurin ratsawa. Mijinta Ejnar ma nata rigunan ya riƙa sawa har ya bar duniya. To da shekaru suka ja, ciwon gaɓoɓi ya kama mata yatsu, suka kumbura suka karkace. Riga kuwa in ta yi rabi, duk nauyinta a kan kibiyar saƙa yake, hannu ne ke ɗauka.

Na tarar ta ture rabin riga gefe, tana kallon teku.

"Ɗauke mini wannan daga gabana, Asger," in ji ta. "Kai wa wadda hannunta ke da sauran rai."

Na taɓa ganin irin wannan. Haka mahaifiyarmu ta yi. Tun da ta ajiye kibiya ta koma zaman taga, ba ta ƙara sha'awar abinci ko hira ba, kuma ba ta daɗe ba.

Ana nan sai Bodil, matar ɗan Ragna, ta zo hutu daga birnin Aarhus da wata sabuwar dabara. Maimakon a ɗora abu ɗungurungum a kan kibiya, sai a saƙa ɗan gida mai kusurwa huɗu, kamar tafin hannu. Ana rage idanun zaren, wato 'yan madaukan da ke jere a kan kibiya, daga tsakiya, layi bayan layi, har ya saura guda. Daga nan a ɗebo sababbin idanu daga gefen wanda aka gama, a tayar da na kusa da shi. Haka gidajen ke haɗuwa har su zama bargo, babu ɗinki. Bargon yana kwance a cinya yana girma, hannu kuwa ɗan kaɗan yake riƙewa.

"Wannan ai tsumman goge tukunya ne," in ji Ragna. "Abin da kuke koya a birni ke nan?"

"Gwada dai, Mama. In bai yi ba sai mu goge tukunyar da shi."

Ta gwada, tana mita. Saƙar ta zo mata da sauƙi. Amma da aka zo ɗebo idanu daga gefe, inda sai an tsunkuli zare da kan yatsa, hannun ya ƙi. Ta yi ta yi, kibiya ta faɗi ƙasa. Ga Bodil za ta koma gida. Sai duk suka juyo suna kallona.

"Kai da ka ƙare rayuwarka kana ɗaura igiya," in ji Ragna, "zauna nan."

To mu masu gyaran taru, hannunmu ya saba da abu ɗaya: kowane ƙulli sai an ja shi tamau, don in ya saki, kifi ya tafi. Haka na yi wa ulun. Na ɗebo idanun na matse su, har kibiyarta ta kasa shiga. Da ƙyar ta gama gidan, ya fito a ƙudundune kamar ƙoƙon shan ruwa.

"Kai Asger, kifi za ka kama a cinyata? Saki zaren nan ya sha iska!"

Ta yi dariya har da hawaye, abin da na daɗe ban gani ba. Ni kuwa na sha wuya kafin yatsuna su yarda su sassauta. Ta kan bugi bayan hannuna da kibiya, kamar yadda take yi mini ina ƙarami.

Ulu ba mu saya ba. Kamar yadda aka saba a nan, tsofaffin riguna muka warware, muka wanke zaren, muka naɗe shi a bayan kujera ya miƙe. Na Ejnar ne suka fi yawa. Duk launin da ta ɗauko sai ta ba da labarinsa: wannan shuɗin na shekarar da tashar jiragen ruwa ta daskare ne, wannan mai ruwan tokar kuwa shi ya sa ranar da ya zo neman aurenta, yana warin kifi.

Labari ya kai bakin ruwa. Wani tsohon masunci, Thorkild, ya tare ni.

"Asger, an ce ka zama ƙanwar Ragna. Yaushe za ka saƙa mini safa?"

"Ran da aka samu ulun da zai jure warin ƙafarka."

Wancan bargon Bodil aka ba. Bayansa Ragna ta yi wa kowane jika nasa.

Yanzu tana gidan tsofaffi a Lemvig, ta haura casa'in, kuma tana saƙa har yau, a hankali. Duk Laraba ina shiga jirgin ƙasa in je, in ɗebo mata idanu a kan kibiyoyi da dama, yadda za su ishe ta har in dawo.